Kundin Aikin Sa Ido kan Halittun Jirgin Thistlegorm

14 ga Maris, 2022

Manufar wannan aiki ita ce mu riƙa komawa wasu ƙayyadaddun wurare a jikin jirgin ruwan Thistlegorm da ya nutse a teku, muna ɗaukar hotonsu daga nisa ɗaya da kusurwa ɗaya a lokuta daban-daban na shekara, domin a ga abin da ya tsiro, da abin da ya mutu, da kuma abin da igiya ko hannun mutum ya goge. Jirgin yana kwance ne a Sha'ab Ali, cikin mashigin Gubal a arewacin Bahar Maliya, yamma da Ras Muhammad, a zurfin kimanin mita 30. Daga Sharm el-Sheikh tafiyar awa uku zuwa huɗu ce, shi ya sa muka zaɓi jirgin da ake kwana a cikinsa, don mu iya shiga ruwa da sassafe kafin jiragen masu yawon buɗe ido su iso.

Wanda zai karanta wannan kundi yana bukatar ya san yadda jirgin ya zo nan, domin siffar da yake da ita a ƙasa ita ce ke raba wa kowace halitta mazauninta. An ƙera shi a Sunderland ta Ingila a 1940, tsawonsa ya kai wajen mita 126, kuma jirgin dakon kaya ne da aka ɗora wa bindigogi a baya saboda yaƙi. Ya bar Glasgow a ranar 2 ga Yuni, 1941, ɗauke da kayan sojojin Birtaniya zuwa Iskandariya, sai dai bai bi ta Bahar Rum ba, domin jiragen Jamus da Italiya sun sa hanyar ta zama mai haɗari. Ya zagaya ta Afirka ta Kudu, ya hauro Bahar Maliya, aka umarce shi da ya jefa anga ya jira saboda wani karo da aka yi ya toshe mashigin Suez. Yana cikin wannan jira ne jiragen saman Jamus samfurin Heinkel, waɗanda suka taso daga tsibirin Kirit, suka same shi cikin daren 6 ga Oktoba. Bama-bamai biyu suka faɗa rumbun kaya na huɗu, inda aka jibge harsasai, kuma fashewar da ta biyo baya ce ta tsaga jirgin ta nutsar da shi.

A yau mun gwada kayan aiki kawai. Muna da firam na roba mai faɗin rabin mita a kowane gefe, da kyamara mai fitilu biyu, da allon roba da fensir na rubutu a cikin ruwa. Ruwan Bahar Maliya ya fi yawancin tekuna gishiri, don haka kowa ya ƙara dalma a ɗamararsa kafin ya samu daidaito.

16 ga Maris, 2022

Nutson farko na zagaye ne, ba mu ɗauki hoton aiki ba. Ruwan yana da sanyi, wajen digiri 22, kuma yana gudu daga goshin jirgin zuwa bayansa da ƙarfin da ya tilasta mana riƙe igiyar sauka hannu bibbiyu. A kusan mita 15 saman jirgin ya fara bayyana, sannan sauran jikinsa ya biyo.

Gaban jirgin yana zaune daram a kan yashi kamar ba abin da ya taɓa shi, da sarƙar angarsa a miƙe. Taragun jirgin ƙasa suna nan a kan bene, kuma tankunan ruwan da ke cikinsu sun lotse saboda nauyin teku. Da an wuce ɗakin kyaftin sai komai ya canza. Ƙarfen bene ya naɗe ya koma baya, tsakiyar jirgin ta zama tarin baraguzai inda akwatunan harsasai da ƙananan motocin sulke masu sarƙa ke kife, sannan can gaba bayan jirgin ya karkata gefe da bindigoginsa biyu da farfelarsa. Kawunan jirgin ƙasa biyu da aka ɗauko wa hukumar jiragen ƙasa ta Masar, fashewar ta yi jifa da su, ɗaya dama ɗaya hagu, kowanne yana zaune shi kaɗai a kan yashi.

Zurfin shi ne ke yanke mana lokaci. A mita 30 matsin ruwa ya ninka na doron ƙasa sau huɗu, iskar tukunya tana ƙarewa da saurin da ya ninka haka, kuma mai shaƙar iska ta yau da kullum ba shi da fiye da kimanin minti 20 kafin naitirojin ya taru a jikinsa har ya wajaba ya yi tsaye-tsaye a hanyar fitowa. Saboda haka muka tsayar da cewa za mu yi amfani da naitiroks, wato iskar shaƙa mai oksijin kashi 32 cikin ɗari, wanda ke ƙara ɗan lokaci, kuma za mu fara kowace rana da wurare masu zurfi, mu bar na sama zuwa nutso na biyu. Tsayawar minti uku a mita biyar ba a tattauna ta ba ma, domin kowa ya san ba a barinta.

17 ga Maris, 2022

Mun zaɓi wuraren da za mu riƙa komawa, kuma mun yi zaɓin ne bibbiyu domin a samu abin kwatantawa. A goshin jirgi mun ɗauki wani ƙarfen shinge da jiragen masu nutso ke yawan ɗaura igiya a kansa, da wani irinsa a gefe wanda ba a ɗaurawa. A cikin rumbu na biyu mun ɗauki rufin da kumfar numfashi ke taruwa a ƙarƙashinsa, da wani rufin a lungun da mutane ba sa bi. Sauran su ne bututun babbar bindiga, da reshe ɗaya na farfela, da gaban kan jirgin ƙasan da ke hagu. Ba mu kafa ƙusa ko alama a jikin jirgin ba. Kowane wuri mun zana shi a allo, mun rubuta zurfinsa da abin da ke kusa da shi, yadda wani ma zai iya gano shi ba tare da mu ba.

Tun daga wannan zaɓe bambancin ya fara fitowa. Ƙarfen da ba a ɗaura masa igiya yana lulluɓe da murjani mai laushi, ja da shunayya da ruwan hoda, har ba a ganin ƙarfen. Maƙwabcinsa kuwa tsatsa ce zalla, da zanen inda igiya ta ci. Irin wannan murjani, wanda masana ke kira Dendronephthya, ba ya dogara da hasken rana kamar murjani mai tauri, abincinsa ƙananan halittun da ruwa ke kawowa ne, shi ya sa yake son wurin da ruwa ke gudu. Idan ruwa ya kwanta sai ya motse ya zama ɗan dunƙule, idan ruwa ya taso sai ya kumbura ya buɗe rassansa. Wannan yana da muhimmanci ga aikinmu, domin hoto biyu na wuri ɗaya za su iya bambanta ƙwarai ba don wani abu ya mutu ba, sai don an ɗauki ɗaya lokacin da ruwa ke gudu, ɗayan kuma lokacin da ya lafa. Daga yau za mu riƙa rubuta ƙarfin ruwa a gefen kowane hoto.

18 ga Maris, 2022

Yau muka shiga cikin rumbuna, kuma nan ne na fi daɗewa ina rubutu bayan fitowa.

Rumbu na ɗaya da na biyu kowanne hawa biyu ne. Motocin Bedford suna jere gaba da baya, an loda babura samfurin BSA da Norton a bayan wasunsu, ga bindigogi da tsatsa ta haɗe su suka zama dunƙule guda, ga takalman roba masu dogon wuya a warwatse, ga sassan jiragen sama. Tayoyin da yawa suna nan da zanensu, domin roba ta fi ƙarfe jure gishiri. Tsakanin rufin motocin da rufin rumbun babu sarari sosai, don haka mai nutso dole ya kwanta a miƙe, ya riƙa motsa ƙafa a hankali zuwa gefe, in ba haka ba ya tayar da lakar da za ta rufe wa na bayansa ido. Launin ja yana ɓacewa tun a mitoci kaɗan na farko, saboda haka sai an haska tocila ake gane cewa abin da ido ya ɗauka toka-toka ne soson teku ne ja wur ko ruwan lemo.

Mazauna ciki daban suke da na waje. Akwai jajayen kifaye masu manyan idanu da ke rataye cikin duhu ba sa motsi, suna jiran dare. Akwai gungun ƙananan kifayen gilashi da ke cika bakin ƙofa, idan haske ya taɓa su sai su watse su sake haɗuwa kamar hatsin da ake sheƙa. A ƙarƙashin wata mota mun ga babban kifin more, mai jiki irin na maciji, yana buɗe baki yana rufewa. Wanda bai sani ba zai ɗauka barazana ce, alhali numfashi yake yi, yana tura ruwa ta cikin maƙoshinsa. Wani ɗan siririn kifi mai ratsin shuɗi yana shiga bakinsa yana tsince masa ƙwari, shi kuma ya sakar masa jiki.

Abin da ya fi damuna shi ne rufin. A hanyar da masu nutso ke bi, iskar da suke fitarwa tana taruwa a sama ta zama kwari-kwari masu ƙyalli. Duk inda wannan iska ta zauna babu soso, babu kawa, babu komai, domin halittun da ke manne da ƙarfe ba sa rayuwa a busasshen wuri, kuma oksijin da ke cikinta yana hanzarta tsatsa. A lungun da ba a bi, rufin cike yake da rai. Mu ma kumfar muke fitarwa, don haka muka rage zamanmu a ciki zuwa iyakar abin da hoto ke bukata, muka kuma daina tsayawa a ƙarƙashin wuri ɗaya.

Ba a rasa alamun hannu ba. Sitiyarin motoci da yawa babu su, haka fitilu da tambarin babura. Ɗaukar wani abu daga jirgin haramun ne a dokar Masar, amma abin da aka riga aka cire ba zai dawo ba.

5 ga Afrilu, 2022

Aikin tebur. Mun tace hotunan Maris, mun ba kowanne suna da kwanan wata da zurfi. Mun kuma kwatanta zanenmu da taswirar jirgin mai fuska uku da aka fitar a 2017, aikin haɗin gwiwar Jami'ar Nottingham da jami'o'in Ain Shams da Iskandariya, wadda aka haɗa daga hotuna fiye da dubu 24. Ta taimaka mana wajen tabbatar da matsayin kowane wuri, musamman a cikin rumbu na biyu inda motocin suka yi kama da juna.

21 ga Yuni, 2022

Mun dawo cikin zafi. Ruwa ya yi ɗumi, jiragen masu nutso kuma sun yi yawa, har da hantsi sai ka ga igiyoyi sun sauko daga ko'ina suna neman abin kamawa. Ja-goran kowane jirgi yakan sauka da igiya ya ɗaura ta a jikin Thistlegorm, sannan jirgin da ke sama, mai nauyin tan da yawa, ya riƙa fizgarta duk lokacin da taguwar ruwa ta ɗaga shi. Shekara da shekaru na wannan fizga sun karya shingaye sun rusa wasu sassan bene.

An taɓa ƙoƙarin magance matsalar. A watan Disamba na 2007 ƙungiyar kare muhalli ta Hurghada, wato HEPCA, ta kafa wuraren ɗaure jirage a kan yashi kewaye da jirgin, ta kuma huda ramuka a rufi domin iskar da ta maƙale ta samu mafita. Wuraren ɗaurewar ba su daɗe ba, sai aka koma ɗaurawa a jiki. Ramukan kuwa suna aiki har yanzu, domin mun ga kumfa tana fita ta cikinsu a jere, sai dai ba su isa ko'ina ba. A ganina wuraren ɗaurewa na dindindin, waɗanda ake duba su ana sauya igiyoyinsu a kai a kai, su ne abu na farko da jirgin ke bukata, kafin duk wata magana ta rage yawan baƙi. Mun roƙi matuƙin jirginmu da ja-goranmu su nemi ƙarfe mai kauri wanda ba shi da murjani, suka kuwa yi hakan ba tare da gardama ba.

Mun maimaita hotunan waje duka. A ƙarfen da ake ɗaura wa igiya mun tarar da sabon zane a kan tsohon, kuma 'yan tsiron da muka gani a gefensa a watan Maris babu su.

A saman jirgin kuwa rayuwa ta cika. Kifayen jemage, masu faɗi da zagayen jiki, suna biyo mu har kan igiya. Barakuda na tsaye cikin gudun ruwa suna fuskantarsa, tuna da sauran mafarauta suna ratsa gungun ƙananan kifi ta sama, ƙananan kifaye masu ruwan lemo kuma sun rufe ɗakin kyaftin. A kan benen gaba wani kifin kada yana kwance a fili, launinsa ya saje da tsatsa har sai da ja-gora ya nuna shi. Wannan sajewa ita ce dalilin da ya sa ba a dafa komai a nan, domin kifin kunama da kifin dutse ma haka suke kwanciya, kuma ƙayoyin bayansu suna da dafi mai tsanani.

23 ga Yuni, 2022

Nutson dare, a sashen sama kawai, bayan jiragen yini sun tafi. Jajayen kifayen rumbu sun fito farauta. Ƙananan murjanai masu siffar ƙoƙo, waɗanda da rana suke a rufe a ƙarƙashin inuwa, sun buɗe rawaya da ruwan lemo sun rufe bangon. Kifayen zaki sun koyi bin hasken tocila, duk ƙaramin kifin da muka haska sai su nufo shi da fikafikai a baje, saboda haka muka riƙa kawar da hasken daga kan ƙananan. Mun kuma ga wani babban dodon koɗi marar ƙoƙo, ja jawur, irin wanda ke iyo yana kaɗa gefen jikinsa idan an dame shi. Ba mu dame shi ba.

Wannan dare ya sa muka ƙara abu ɗaya a tsarin aikin. Bangon da muka rubuta da rana cewa ba shi da yawan rai, da dare ya nuna akasin haka, don haka za mu riƙa ɗaukar wuraren sama sau biyu, rana da dare.

6 ga Oktoba, 2022

Shekara 81 ke nan cif da nutsewar jirgin. Mutum tara ne suka mutu a daren, huɗu ma'aikatan jirgi, biyar masu kula da bindigogi, sauran kuma jirgin yaƙin Birtaniya HMS Carlisle ya tsamo su tare da kyaftin ɗinsu William Ellis. Ɗaya daga cikin ma'aikatan, Angus McLeay, ya ratsa benen da ke ci da wuta ya ɗauko wani da ya ji rauni, aka ba shi lambar yabo ta George saboda haka. Ina ganin wajibi ne wanda ke iyo a kan rumbu na huɗu ya tuna cewa a nan mutane suka rasa rayukansu, ya kuma riƙe hannunsa. Harsasan da ke warwatse a wurin ma ba abin taɓawa ba ne, ko da sun shekara tamanin a ruwa.

Bayan yaƙi jirgin ya zauna ba mai ziyara sai masunta da suka san wurin, har Jacques Cousteau ya iso a shekarun 1950 ya ɗauke ƙararrawarsa da babur guda da akwatin ajiyar kyaftin. Daga nan aka sake mantawa da shi har farkon shekarun 1990, lokacin da harkar nutso ta bunƙasa a Sharm el-Sheikh. Ma'ana, murjani ya samu kusan shekara hamsin yana gini ba mai tsangwama, kuma yawancin ɓarnar da muke aunawa ta shekara talatin ɗin da suka biyo baya ce.

Mun ɗauki wuraren masu zurfi da safe, ruwa wajen digiri 27. Kan jirgin ƙasan hagu ya fi ko'ina lafiya a cikin wurarenmu, domin yana nesa da babban jiki, iyo zuwa wurinsa yana cin iska, kuma ba a ɗaura masa igiya. Murjani mai laushi ya kama gabansa da ƙafafunsa, wani kifi mai faɗi da ɗigon shuɗi yana kwance a yashin da ke ƙarƙashinsa. A kusa da farfela wani kunkurun teku mai baki irin na shaho yana yagar soso daga jikin ƙarfe, bai kula da mu ba. Irinsa na cikin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa mafi tsanani, don haka muka ɗauki hoton gefen fuskarsa, tunda zanen ɓawon fuska ya bambanta daga kunkuru zuwa kunkuru, kuma da shi za a gane ko shi ne zai sake dawowa.

8 ga Oktoba, 2022

Iska ta taso, taguwa ta yi girma, matuƙi ya ce ba za a ɗaure jirgi a wannan hali ba, kuma gaskiyarsa ce, domin a irin wannan rana ce igiya ta fi yin ɓarna a ƙasa. Hotunan cikin rumbu na wannan zagaye sun rage ba a ɗauka ba.

Mun yi amfani da ranar wajen tattauna Rosalie Moller, jirgin dakon gawayin kwal da jiragen Jamus suka nutsar a wannan mashigi kwana biyu bayan Thistlegorm. Yana kwance a zurfin da ya kai wajen mita 50, baƙinsa kaɗan ne, saboda haka zai iya nuna yadda ƙarfen da ya yi shekaru iri ɗaya a ruwa yake kasancewa idan ba a matsa masa ba. Sai dai zurfin ya canza haske da lokacin zama, kuma yana bukatar horo da kayan da ba dukanmu ke da su ba. Mun ajiye shawarar zuwa baɗi.

30 ga Oktoba, 2022

Mun jera hotunan Maris da Yuni da Oktoba gefe da gefe. Watanni bakwai ba su isa a yanke hukunci kan girman murjani ba, kuma wasu hotunan Yuni an ɗauke su ne ruwa na kwance, don haka ba za a kwatanta su kai tsaye da na Maris ba. Abin da ya fito fili shi ne wuraren da igiya da kumfa ba sa kaiwa sun riƙe abin da ke jikinsu a duk zagayen, ƙarfen da ake ɗaura wa igiya kuwa duk abin da ya fara kama shi ana goge shi kafin mu dawo.

Zagaye na gaba zai kasance a watan Janairu, lokacin da ruwa ya fi sanyi kuma baƙi suka ragu. Za mu fara da rufin rumbu na biyu da ya rage, mu ƙara wuri ɗaya kusa da ramukan da aka huda a 2007 domin a ga ko rufin da iska ke samun mafita ya fi wanda ba ta samu, sannan mu auna faɗin zanen igiya da ma'auni maimakon dogaro da ido. Kafin nan za a gyara fitilar kyamara ta hagu, a kuma buga zanen wuraren a kan allunan roba domin kowane mai nutso ya sauka da nasa.